Limami sau ɗaya a wata, mata kullum: cocin ƙauyen Pennick da ƙungiyoyin matan Episkopal

Tambaya: Wata 'yar'uwa da ta daɗe tana hidima a Zumuntar Mata ta cocinsu ta ce ta ji ana faɗin cewa a Amurka mata ne suka riƙe cocin Episkopal na ƙauye tun kafin a yarda su zama limamai. Tana so ta san ko gaskiya ne, yaya ƙungiyoyin matan suka samo asali, kuma ko akwai wani coci takamaimai da za a bi tarihinsa a gani da ido.

Amsa: Gaskiya ne, 'yar'uwa, sai dai ba za ki gane haka ba idan kika tsaya ga ƙananan littattafan tarihi da coci-coci ke bugawa ranar cikarsu shekara ɗari. Waɗannan galibi jerin sunayen limamai ne: wane ya zo shekara kaza, ya tafi shekara kaza, bishop wane ya keɓe ginin. Mata sukan samu sakin layi ɗaya can wajen ƙarshe, ana gode musu da girki da furanni. Wanda ya buɗe littafin ma'aji kuwa zai ga wani labari dabam.

Cocin Episkopal shi ne reshen Angilikan na Amurka. Bayan yaƙin neman 'yanci, mabiya Cocin Ingila da ke can ba su iya ci gaba da rantsuwar biyayya ga sarkin Ingila ba. Bishop ɗinsu na farko, Samuel Seabury, sai da ya je Aberdeen a Sikotland a 1784 kafin ya samu waɗanda za su naɗa shi, kuma a 1789 aka tsara cocin a Philadelphia. Coci ne da ya fi ƙarfi a birane da tsakanin masu hali. A ƙauye Baptis da Metodis sun fi shi jama'a nesa ba kusa ba, don haka cocin Episkopal na ƙauye kusan kullum ƙarami ne.

A tsarinsu ikilisiya iri biyu ce. Akwai wadda ke iya biyan limaminta da kanta, tana da kwamitin dattawa mai cikakken iko. Akwai kuma wadda ake kira mishan, wadda ba ta iya ɗaukar nauyin kanta, tana ƙarƙashin bishop kai tsaye, dayosis ke tallafa mata. Yawancin na ƙauye mishan ne. Limami ɗaya yakan riƙe uku ko huɗu, ya zagayo kowacce sau ɗaya a wata ko ƙasa da haka, ya yi baftisma, ya ba da Jibin Ubangiji, ya wuce. Sauran Lahadin sai wani da bishop ya ba izini ya karanta addu'ar safe daga Littafin Addu'a. To, wa ke riƙe mabuɗi? Wa ke share ɗakin, ya hura murhu lokacin sanyi, ya koyar a makarantar Lahadi, ya san gidan da aka yi rashi, ya tara kuɗin gyaran rufi? Nan ne ƙungiyoyin mata suka shigo. Limamai sukan yi shekara biyu ko uku a canza su, mace ɗaya kuwa takan riƙe ma'ajin ƙungiya shekara talatin.

Ƙungiyoyin sun fara ne a warwatse: matan wani gari su haɗu suna ɗinki, suna sayarwa, suna aika kuɗin ga masu aikin bishara. A 1871 Babban Taron cocin da ya zauna a Baltimore ya amince a haɗa su a inuwa ɗaya mai suna Woman's Auxiliary, ƙungiyar mata masu taimaka wa hukumar mishan. Ki lura da matsayin da aka ba su: su tara kuɗi, hukumar maza ta yanke yadda za a kashe. Sakatariyar farko ita ce Mary Abbot Emery, daga 1872 zuwa 1876. Da ta yi aure, ƙanwarta Julia Chester Emery ta karɓa, ta riƙe shekara 40 cur, har 1916, tana yawo dayosis-dayosis tana kafa rassa. Wata 'yar'uwarsu, Margaret Theresa, ita ta kula da aikin akwati. Wannan aiki ya cancanci bayani, domin shi ne ya haɗa matan birni da na ƙauye. Limamin mishan albashinsa bai taka kara ya karya ba. Sai a rubuta yawan 'ya'yansa da shekarunsu da awon jikinsu, a aika wa wani reshen ƙungiya, su ɗinka tufafi, su haɗa barguna da littattafai, su cika akwati su aika. Gidajen limamai da yawa a yammacin ƙasar da kudancinta da wannan akwati suke fita hunturu.

Abin da ya canza lissafi shi ne baikon godiya na 1889. A taron matan na wannan shekara, bisa shawarar Ida Soule, aka tara baiko ɗaya na bai-ɗaya, wanda ya kai dala dubu biyu da 'yan kai. Rabinsa ya gina coci a ƙauyen Anvik da ke bakin kogin Yukon a Alaska, rabi ya tura wata mace aikin bishara Japan. Daga nan aka samu ɗan akwatin nan mai launin shuɗi da har yau ake gani a gidajen 'yan Episkopal: duk lokacin da mace ta ga abin godiya, ta jefa sulalla. Sau biyu a shekara a kawo coci a juye, a tura dayosis, a haɗa na ƙasa baki ɗaya. Hikimar abin ita ce matar manomi da ba ta da ko asusun banki tana da hannu a ciki daidai da matar attajirin New York. Sannu a hankali matan suka samu bakin magana kan inda kuɗin zai je, kuma suka karkata shi ga horar da mata ma'aikatan coci da biyan albashinsu.

Ban da wannan babbar inuwa akwai wasu. Girls' Friendly Society, ta 'yan mata masu aikin masana'anta, ta fara a Ingila a 1875, ta iso garin Lowell na Massachusetts a 1877. Daughters of the King ta fara a New York a 1885 a hannun Margaret Franklin, kuma ita ta addu'a da hidima da bishara ce, ba ta tara kuɗi ba. Sai ƙungiyar bagade, masu wanke fararen yaduddukan tebur, goge kofin Jibi, shirya kyandir da furanni. A coci mai mutum talatin, duk waɗannan sunaye mata shida ko bakwai ne ɗai ke sanye da su. Mothers' Union da Mary Sumner ta kafa a Ingila a 1876, wadda 'yan Angilikan na Najeriya suka sani sarai, ba ta yi ƙarfi a Amurka ba, domin waɗancan sun riga sun cika wurin.

Yanzu ga cocin da kika nema. Pennick ƙauye ne a gundumar Glynn ta jihar Jojiya, cikin dajin itatuwan pine da fadamu, ba nisa da garin Brunswick na bakin teku. Cocin sunansa Good Shepherd, wato Makiyayi Nagari. Na zaɓe shi ne domin a nan ba a iya ɓoye hannun mace ba: mace ce ta kafa shi.

Sunanta Anna Ellison Butler Alexander. An haife ta wajajen 1865 a tsibirin St. Simons, daidai lokacin da bauta ke ƙarewa. Iyayenta, James da Daphne, bayi ne a gandun iyalin Butler, gandun shinkafa da auduga da sunansa ya yi baƙin jini a tarihin Amurka, domin a watan Maris na 1859 mai gandun, Pierce Butler, ya sayar da mutum fiye da 400 a Savannah cikin kwana biyu don ya biya bashi. Masu tarihin cocin Jojiya suna danganta karatun mahaifinta da Fanny Kemble, Baturiyar Ingila matar Butler, wadda ta zauna a gandun a 1838 zuwa 1839 ta kuma koya wa wani saurayi bawa karatu duk da dokar jihar ta haramta. Bayan yaƙin basasa iyalin suka koma Pennick suka samu ƙasar noma. Gida ne na 'yan Episkopal, abin da ba a cika samu ba tsakanin baƙaƙen fata na ƙauye.

Anna ta fara koyarwa a makarantar gwamnati ta Pennick, sannan ta koma Darien, wani gari a bakin kogin Altamaha da sojojin jihohin Arewa suka ƙona a 1863, lokacin yaƙin basasa. A can akwai cocin St. Cyprian, wanda 'yantattun bayi suka gina a 1876 da siminti irin na gargajiyar yankin, na ɓawon kawa da farar ƙasa da yashi, suka sa masa sunan bishop ɗin Kartaj ɗan Afirka. Yayarta Mary tana auren limamin cocin, Ferdinand Mann, kuma 'yan'uwan mata su ke tafiyar da makarantar da ke jikinsa. Ke nan tun kafin a zo Pennick, aikin Episkopal na baƙaƙen fata a wannan gaɓa yana kan wuyan matan gida ɗaya.

A 1894 Anna ta sa aka buɗe mishan a Pennick, da taimakon cocin St. Athanasius na Brunswick. Tana koyarwa a Darien ranakun mako, ƙarshen mako ta kama hanya, wani wuri a kwale-kwale, wani wuri a ƙafa, kimanin mil 40 zuwa da dawowa. Aikin ya yi rauni lokacin da ta tafi ƙarin karatu a makarantar St. Paul da ke Lawrenceville a Virginia, ya farfaɗo da ta dawo. Ba su da gini. Sun yi sujada a wani gidan gona da aka yi watsi da shi, suka koma wani tsohon kanti, inda teburin da ake sayar da giya a kansa ya zama bagade. Da ɗinki take ciyar da kanta. A farkon shekarun 1900 aka samu fili aka tsayar da ginin katako mai aiki biyu, makaranta ranar mako, coci ranar Lahadi, kuma daga baya ita kanta ta tare a ɗakunan da ke samansa. Littafin Addu'a da Littafi Mai Tsarki su ne littattafan koyon karatun yaran. Waɗanda suka nuna ƙwazo ta nema musu gurbi a St. Paul da sauran makarantun cocin.

A 1907 Bishop Cleland Kinloch Nelson ya keɓe ta a matsayin dikones. Cocin ya amince da wannan muƙami na mata tun 1889, amma da sharuɗɗa: sai wadda ba ta da aure ko gwauruwa, idan ta yi aure muƙamin ya faɗi, kuma ba a lissafa ta cikin limamai. Tana iya koyarwa, ziyartar marasa lafiya, shirya mutane don baftisma, amma Jibi sai limami ya zo. Anna Alexander ita kaɗai ce baƙar fata da aka taɓa ba wannan muƙami a tarihin cocin.

Shekarar da aka keɓe ta ita ce kuma shekarar da abubuwa suka juya mata baya. An raba dayosis ɗin Jojiya biyu, Nelson ya tafi da sabon na Atlanta, Pennick ya faɗa hannun Bishop Frederick Reese, wanda ya riƙe daga 1908 zuwa 1936. A zamaninsa an fitar da baƙaƙen fata daga taron dayosis, aka ware musu majalisarsu dabam, tallafin da ake ba cocinsu kuma ya zama ɗan kaɗan. Wariyar ba ta tsaya ga maza ba. A dayosis-dayosis na kudu, ƙungiyar mata ita ma an raba ta, reshen farare dabam, na baƙaƙe dabam. Duk wanda zai yabi ƙungiyoyin matan Episkopal, ya faɗi wannan ma. Sun aika akwatuna Alaska da China, amma da yawansu ba su zauna teburi ɗaya da 'yan'uwansu na cocin da ke ƙetaren titi ba.

Abin da Anna ta yi a wannan hali shi ne ta bi ta hanyar da mata suka riga suka share. Tunda dayosis ya rufe hannu, sai ta riƙa rubuta wasiƙu zuwa masu taimako a Arewa, kuma kayan da kuɗin da ke shigowa ta wannan hanya su suka riƙe makarantar. A cikin gida kuwa ta kafa al'adar baiko da ƙwandala da sisi. Ba ta yarda mutanen Pennick su ɗauki kansu masu karɓa kawai ba. A watan Satumba na 1923 girgizar ƙasa ta rushe Tokyo da Yokohama, ta kashe mutum fiye da dubu 100, ta kuma lalata gine-ginen mishan na Episkopal a can, har da asibitin St. Luke. A lokacin Good Shepherd na tara kuɗin sabon gini. Suka ɗebi daga kuɗin ginin suka aika Japan. Manoma ne talakawa da masu aikin tatsar ƙaron itace, waɗanda iyayensu bayi ne, waɗanda taron dayosis ɗinsu bai ba kujera ba. A ganina wannan shi ne abu mafi nauyi a tarihin cocin gaba ɗaya, kuma ba daga sama ya faɗo ba: tarbiyyar ɗan akwatin godiya ce, wadda ke koya wa mai ƙaramin ƙarfi cewa shi ma yana da abin bayarwa. Sabon ginin ya jira, aka yi shi daga baya a gefen makarantar.

Lokacin karayar tattalin arziki ta shekarun 1930, ta hannunta tallafin gwamnati da na masu zaman kansu ke isa ga mabuƙatan yankin, baƙaƙe da farare. Da rani takan je Camp Reese, sansanin matasa na dayosis a tsibirin da aka haife ta, tana dafa abinci. Sansanin na 'ya'yan farare ne. Takan tafi da wasu yaran Pennick a matsayin masu taya aiki, don su ma su ɗanɗani wurin ta bayan fage. Dikones mai shekara kusan saba'in, mai makaranta da coci, a ɗakin girki. Sai a ƙarshen rayuwarta, zamanin Bishop Middleton Barnwell, ƙofar taron dayosis ta fara buɗewa. Ta rasu ranar 24 ga Satumba, 1947, bayan fiye da shekara 50 tana hidimar Pennick. An binne ta a sansanin, sai a 2004 aka mayar da ƙasusuwanta harabar Good Shepherd. Dayosis ɗin Jojiya ya sa ta cikin tsarkakansa a 1998, Babban Taro kuma ya tabbatar da ranar tunawa da ita a kalandar cocin a 2018.

Kada ki ɗauka kowane cocin ƙauye yana da irinta. Abin da aka fi samu shi ne ƙungiya mai sunan wata tsarkakkiya, Maryamu ko Hannatu ko Margaret, tana haɗuwa sau ɗaya a wata a falon ɗaya daga cikinsu. Su buɗe da addu'a, a karanta rahoton zaman baya, ma'aji ta faɗi abin da ke hannu, a yi ɗinki, a sha shayi. Sau ɗaya a shekara su yi kasuwar baje koli ko cin abincin dare na kaza da ake sayar da tikiti ga duk garin, Baptis da Metodis su ma su zo. Kuɗin ya sayi molon coci, ya biya inshora, ya gyara gidan limami, wani lokaci ya cike giɓin albashinsa. A dayosis da yawa, har tsakiyar ƙarni na 20, matan nan ba su da ikon zama a kwamitin dattawa. Sai ka ga kwamitin maza ya yanke shawarar sabon rufi, sannan ya aika takarda ga ƙungiyar mata yana roƙon kuɗin. Mace mai riƙe da jaka ba ta buƙatar ƙuri'a kafin a saurare ta, kuma limamin da ya raina wannan bai cika daɗewa ba.

Ƙuri'ar ta zo a makare. A 1946 an bar Elizabeth Dyer daga Missouri ta zauna a majalisar wakilai ta Babban Taro, amma a 1949 aka hana matan da aka zaɓa kujera, aka ci gaba da hanawa har shekara ashirin. Duk tsawon wannan lokaci matan suna nasu taron na shekara uku-uku a gari ɗaya da Babban Taro, a wani zaure dabam, suna miƙa baikon da ya kai miliyoyin dala. A 1958 aka bar tsohon sunan mataimaka, rassan suka koma amsa sunan Episcopal Church Women, ECW a taƙaice. A 1970, a Houston, mata suka zauna a matsayin wakilai, kuma aka amince cewa dikones dikon ce cikakkiya, wato tana kan matakin farko na naɗaɗɗun ma'aikatan coci daidai da namiji. Ranar 29 ga Yuli, 1974, aka naɗa mata 11 limamai a Philadelphia ba tare da izinin cocin ba, taron Minneapolis na 1976 ya halatta, Barbara Harris ta zama bishop a 1989, Katharine Jefferts Schori ta shugabanci cocin daga 2006 zuwa 2015.

Abin mamaki shi ne wannan nasara ita ta fara rage wa ƙungiyoyin ƙarfi. Matar da a da basirarta ba ta da mafita sai shugabancin ƙungiya, yanzu tana iya zama shugabar kwamitin dattawa ko limamin cocin kanta. Ga kuma aikin albashi da ya cinye ranar Talata da rana da ake taro. Ga ƙauyukan da matasa suka bari. Cocin gaba ɗaya ya ragu daga mutum fiye da miliyan 3 a tsakiyar shekarun 1960 zuwa kimanin miliyan ɗaya da rabi. A wurare da yawa ECW ta zama ta tsofaffi, a wasu ta narke cikin ikilisiyar, tunda matan nan shida ko bakwai su ne kwamitin, su ne masu karatu, su ne masu bagade. Wasu na kuka da haka. Ni ban ga abin kuka sosai ba a kan suna, amma akwai asara ta gaske: ƙungiyar tana da asusunta da ba ya bi ta hannun kowa, kuma tana koya wa mata riƙon taro, rubuta rahoto da lissafin kuɗi tun suna ƙuruciya. Kwamitin haɗaka bai cika yin wannan ba.

Idan wata rana kika so bin tarihin irin wannan coci, can ko a gida, ki bar littafin bikin cika shekara sai ƙarshe. Ki fara da littafin rahoton zaman ƙungiyar mata da na ma'ajinta, waɗanda galibi ba a ofishin coci suke ba, suna cikin akwati a gidan 'yar ko jikar sakatariyar ƙarshe. Ki duba rajistar baftisma, layin iyayen baftisma, ki ga sunan da ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru. Ki karanta ƙananan allunan tagulla da ke jikin tagogi da kujeru da kofin Jibi, masu cewa wace ƙungiya ta saya, a wace shekara. Rahoton shekara-shekara na dayosis zai ba ki adadin masu cin Jibi da abin da reshen mata ya aika. Takardun Amurka na wancan zamani suna da wani tarko: matar aure da sunan mijinta ake rubuta ta gaba ɗaya, har sunan yanka, sai dai a sa mata alamar "uwargida" a gaba. Don gano sunanta na ainihi sai kin haɗa da rajistar aure ko rubutun da ke kan kabarinta.